Akwatin da Na Kafa a Ɗakin Hajiya Kande

Ku 'yan makarantar nan da kuke tare ni a bakin titi kuna cewa in koya muku aikin sanyi a cikin hutu, na san abin da kuke gani. Kun ga na sauka daga zemijan, babur ɗin haya, da jaka a kafaɗa, na shiga gida, na fito bayan awa ɗaya, sai kuka ce ai wannan ba aiki ba ne. Balle yanzu da aka kawo ɗan akwatin nan mai wayo da ake liƙawa a bango, yana auna zafin ɗaki, yana ba kilim, injin sanyaya ɗaki, umarni da kansa, ya kunna ya kashe, maigida yana can tashar jirgin ruwa yana ganin komai a waya. Kullum sai wani ya tambaye ni ko ya cancanci a saya. Ba amsar da ake bayarwa a tsaye ba ce. Zan ba ku labarin na farko da na kafa, amma sai kun ji yadda na iso wurin.

Sunana Ramatu, a nan Zongon Lome aka haife ni. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, aka cire ni, na koma sayar wa gwaggona ƙanƙara da zoɓo. Wata rana firjinta ya daina sanyi, aka kira mai gyara, Fo Kojo, mutumin Ewe ne mai shago a Adakpame. Ya kwanta a bayan firjin, ni ina riƙe masa tocila. Ya daɗe yana neman inda gas ke zurarewa. Ni kuma tun ɗazu ina ganin wani ɗan maiƙo a gindin bututu, ƙura ta manne masa, alhali sauran wurin a bushe yake. Na ce, "Fo, me ya sa nan kaɗai ke da mai?" Ya duba wurin, ya dube ni, ya tashi ya ce wa Gwaggo ta ba shi ni. Sai da aka yi wata uku kafin ta yarda, don mutane sun cika mata kunne da cewa mace ba ta hawan tsani.

Shekara huɗu na yi a hannunsa. A ta farko ban taɓa mano ba, wato agogon nan mai fuska biyu da muke auna ƙarfin gas da shi. Aikina wankin ragar kilim mai tare ƙura, ɗaukar kwalbar gas, da kankare tsatsa. Adakpame kusa da teku take, iskar gishiri tana cinye injin da ke waje har ka taɓa ƙarfensa ya marmashe a hannunka. Fo Kojo ba ya bayani. Sai dai ya kama hannunka ya ɗora a bututu ya ce, "Me kika ji?" Idan na ce sanyi, sai ya ce, "Sanyi iri nawa ne a duniya?" A haka na gane cewa idan babban bututu ya yi sanyi yana gumi, inji lafiya yake. Idan ƙaramin ya yi farin ƙanƙara, gas ya yi ƙasa, kuma ba ƙara gas ne aikin ba, sai ka bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu ka nemo ramin.

Ranar da ya 'yanta ni, abin da ake cewa liberasiyon, na sa fararen kaya, aka bulbule ni da hoda har gashin ido. Al'adarsu almajirin sana'a ya kawo kwalaben giya, ni ya ce in kawo lemo, kuma ya yarda limamin unguwarmu ya yi addu'a bayan tasu. Ya ba ni tsohon manonsa. Har yau shi nake aiki da shi, duk da gilashin fuska ɗaya ya tsage.

Da na fara zaman kaina sai abin da aka ce zai hana ni ya zama shi ne kasuwata. Gidajen Zongo da yawa namiji ba ya wuce ƙofar ɗakin mata sai an yi shiri, an kwashe kaya, an nemo wanda zai tsaya a kansa. Ni kuwa sallama kawai nake yi in shiga. Shekara biyu ina cikin rufin asiri.

Sai shekarar da na yi cikin ɗiyata Habiba. Gas ya yi tsada, wani ya kawo mini mai rahusa, kwalbar da tambarinta da komai. Na zuba a gida uku. Kafin wata ya ƙare injina ukun duk sun ƙone. Gas ɗin gauraye ne, ni kuma ban gwada shi ba. Na sake musu injinan, amma magana ta riga ta zaga Zongo: Ramatu tana ƙona kilim. Wata bakwai babu wanda ya kira ni, sai maƙwabta masu firjin ƙanƙara. Tun daga lokacin ban ƙara ɗaure goro ɗaya, wato noti, ban koma na sake taɓa shi ba. Wani lokaci ina kan zemijan zan ce wa mai babur ya juya, in je in duba abin da na san na riga na duba.

Habiba tana wata takwas Alhaji Tanimu ya kira ni. Mai fitar da kaya ne a tashar jirgin ruwa, kuma yana gina masauki a Adakpame, ɗaki goma sha biyu, don direbobi da 'yan kasuwar da ke saukowa daga arewa. Kowane ɗaki da kilim. Ya ce yana so ya gwada akwatin nan mai wayo a ɗakin mahaifiyarsa, Hajiya Kande. Idan ya ga amfaninsa zai sa a masaukin gaba ɗaya, kuma wanda ya kafa shi ne zai riƙa kula da injinan. Ku gane abin da wannan yake nufi a wurina. Ba aikin rana ɗaya ba ne, sunana ne zai dawo.

'Yarsa Nafisa, wadda ke jami'a, ita ta sayo akwatin. Fari ne, bai kai tafin hannu ba. Ta miƙo mini tana cewa, "Tanti Rama, c'est facile, ni ma zan iya. Baba ne kawai ya ce sai mai sana'a."

Gaskiyarta, kafa shi ba wuya. Yana son wuta, yana son waifai, kuma dole ya fuskanci kilim, don yadda rimot ke magana da inji haka shi ma yake yi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na isa. Hajiya ta gaisa da ni ta fita tsakar gida don in yi aiki. Ɗakin tsaf, ko tsinke babu a ƙasa. Soket ɗaya ne ke kallon kilim, a lungun da ke tsakanin gado da kabad ɗin kwanoni. Nan na liƙa shi, daidai ƙirjina. Muka sa shi a digiri ashirin da shida, muka ce idan zafi ya hau ya ƙara sanyi har ya sauko. Nafisa ta ɗauke rimot ta sa a jakarta, wai kar kaka ta rikita tsarin. Minti goma sha biyar na gama. Habiba tana goye tana ƙananan koke-koke, ko ruwan da aka kawo mini ban zauna na sha ba.

Bayan kwana goma sha biyu, ranar Alhamis, Alhaji ya bugo mini waya.

"Ramatu, kin ga abin da kika yi wa uwata?"

Na ce, "Subhanallahi, Alhaji, me ya faru?"

"Tari take yi, gwiwoyinta sun riƙe. A wannan zafin da ake ciki na same ta da bargo biyu. Mita kuma tana shan kuɗi fiye da da. Wannan ne tattalin? Gobe idan an sauko daga Juma'a zan zo da wani ya cire shi ya duba injin. Da ma an faɗa mini."

Na san abin da aka faɗa masa. Na roƙe shi ya bar ni in zo da safe in duba. Ya ce, "Kina da zuwa azahar," ya kashe.

Ƙarfe takwas ina gidan, Alhaji ya riga ya fita. Na fara da waje. Na ba Nafisa Habiba, na hau tsani, na ɗora hannu: babban bututu da sanyi da gumi. Na sa mano: gas daidai. Inji ba shi da laifi. Nafisa ta nuna mini wayarta, inda akwatin ke zana zafin ɗaki kamar layi. Layin a kwance yake, sai ya yi tozo sau biyu a kowace rana, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan la'asar. A lokacin akwatin yana cewa ɗakin ya yi zafin da ko tsakar gida ba ta yi, sai ya tura kilim iyakar ƙarfinsa.

"C'est un défaut, lalatacce ne," in ji Nafisa. "A mayar wa mai shago."

Na ce, "Lalatacce ba ya kiyaye lokaci haka. Wa ke ɗakin a wannan lokacin?"

"Kaka kaɗai. Ni ina makaranta."

Na ɗauka rana ce ke bugun bangon. Na zagaya, bangon nan bayansa wani ɗaki ne, rana ba ta ganinsa. Na shiga ɗakin. Hajiya tana kwance cikin bargo, taga a buɗe kaɗan. Na buɗe murfin kilim na zaro raga. Ƙurar Lome toka-toka take, tana kaɗewa. Wannan kuwa ja ce, tana danƙo a yatsa. Na kai hanci, sai ƙamshi. Na durƙusa a lungun na leƙa ƙarƙashin akwatin: farin ya koma rawaya. A ƙasa kuma, kan tayil, ga wata da'ira mai ɗan duhu, girman gindin kwano.

Na jira Nafisa ta tafi makaranta. Na zauna a tabarma na sa wa Habiba nono, kamar wadda ta gaji.

Na ce, "Hajiya, wa ke haɗa miki turaren nan? Ko a gidan biki ban ji irinsa ba."

"Wane turare?"

"Wanda ke jikin ragar nan."

Ta fara dariya har tari ya tsare ta. "Kai, wannan yarinya da hancin tsiya! Tura ƙofar nan."

Na tura. Ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo ɗan kasko na yumɓu. Ta ce haɗin mahaifiyarta ne, tun tana amarya ba ta taɓa wuni ba ta turara ɗaki da tufafinta ba. Bara likita ya ce hayaƙi yana taɓa mata ƙirji, Alhaji ya kwashe kasaken gidan duka ya hana. Wannan ta ɓoye. Idan ya fita da safe ta ɗora garwashi, haka bayan la'asar kafin ya dawo. Lungun nan take ajiyewa don ba a hango shi daga ƙofa. Daidai ƙarƙashin akwatina.

"Da na ajiye shi," in ji ta, "sai injin nan ya hau huci kamar an zagi ubansa. Sanyi har cikin ƙashi. Abin kashewa kuma jikata ta tafi da shi jami'a. Sai in buɗe taga in shige bargo."

Shi ke nan, komai ya fito. Zafin garwashi yana hawa cikin akwatin, akwatin yana cewa ɗaki ya ɗau wuta, kilim yana zuba sanyi, taga tana shigo da zafin waje, inji ba ya hutawa, mita tana gudu.

Na ce, "Hajiya, me ya hana ki faɗa?"

"In ce masa me? Abin da ya saya mini ba shi da kyau? Ko in ce ga kaskon da ka hana? Ke dai mayar da abinki wancan bangon ki ja bakinki, kowa ya huta."

Wallahi abin da na yi niyya ke nan. Har na ciro doguwar waya daga jaka. Ina warware ta ne idona ya faɗa kan tagar. Na tsaya. Ɗakin kilim ba kamar sauran ɗakuna ba ne, an toshe ko'ina, har ƙarƙashin ƙofa akwai roba. Kilim kuma ba ya kawo iskar waje, ta cikin ce yake juyawa. Garwashi a ɗaki irin wannan yana sa mutum barci, ba ya ma jin komai. Abin da ke sa Hajiya buɗe taga sanyin nan ne da ya dame ta. Idan na gyara a ɓoye, ɗaki ya yi daɗi, ba za ta ƙara buɗewa ba. Za ta zauna da kaskonta a rufe, ita kaɗai, sau biyu a rana.

Na faɗa mata haka, ban rage komai ba. Na ce zan mayar da akwatin wancan bangon, amma zan sa shi ya kashe kilim gaba ɗaya rabin awa da hantsi, rabin awa bayan la'asar. A lokacin ta buɗe taga duka, kasko a gindin taga, ita a nesa da hayaƙin. Idan garwashi ya mutu a fitar da shi, a rufe, sanyi ya dawo da kansa. Rimot kuma a dawo mata da shi.

Ta ce, "Tanimu zai gani a wayarsa."

"Zai gani."

"To me za ki ce?"

"Ba zan ambaci kasko ba, Hajiya. Amma ba zan yi masa ƙarya ba. Zan ce na kafa shi a wurin da bai dace ba, kuma haka ne."

"Zai kore ki."

Na ce, "Ƙila." Na mayar da akwatin wancan bangon, na ɗaure sukurorinsa biyu, na sake kwance su na ɗaure.

Bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya shigo, ya bar ɗaya mai gyaran a ƙofar gida. Ya gaishe da mahaifiyarsa, ya juyo kaina. Na faɗa masa inji lafiya yake, kuskuren nawa ne, na kafa akwatin inda zafi ke taruwa, yanzu na sauya.

"Shekara nawa kina aikin nan ba ki san bango ba?" Ya ciro waya ya duba. "Wannan kuma fa? Me ya sa zai riƙa mutuwa sau biyu a rana?"

"Don ɗakin ya sha iska, Alhaji."

"Iska? Na sayi kilim, na sayi akwati, don uwata ta sha iskar Allah da ake samu kyauta?" Ya juya ya nufi ƙofa zai kira mutumin.

"Tanimu."

Ya tsaya. Hajiya ta sa ƙafa ta turo kaskon tsakiyar ɗaki.

"Ga abin da ke haukata injinka."

"Inna! Ba na hana wannan ba?"

"Ka hana. Kai ka haife ni ko ni na haife ka?" Ta gyara zama. "Yarinyar nan tun safe ta gano. Na ce ta gyara a ɓoye ta ceci aikinta, ta ƙi, wai garwashi zai kwantar da ni idan taga na rufe. Yanzu kuma tana tsaye kana wanke ta, ta ƙi tona ni. Kai da likitanka kun ce kar in yi, kun tafi, ina ta yi. Ita ce ta zauna ta ce ga yadda za a yi."

Alhaji ya daɗe yana kallon kaskon. Habiba ta zaɓi lokacin ta kama gefen babbar rigarsa tana ja. Ya sunkuya ya zare a hankali.

Ya ce, "Rabin awa?"

Na ce, "Rabin awa, taga a buɗe duka. Kuma a sake tambayar likita, a faɗa masa gaskiyar abin da ake yi."

Ya fita, na ji yana ba mutumin haƙuri yana sallamarsa. Da ya dawo bai ce na yi daidai ba. Ya ce, "Litinin ki same ni a Adakpame."

To ga amsar tambayarku. A ɗakin Hajiya akwatin ya yi amfani. Tarin ya lafa, bargon ya koma cikin kabad, kuma Alhaji da kansa ya ce katin wuta yana daɗewa fiye da kafin a kafa shi, don da can kilim yana wuni a mafi sanyi ba mai taɓawa. Inda ake barin inji yana aiki ba kowa a ɗaki, ko inda akwai tsoho ko mara lafiya da ba ya iya faman rimot, ina cewa a saya. Mai kilim ɗaya wanda ke kashewa idan zai fita, ya bar kuɗinsa, ya wanke raga duk wata, ya toshe ƙasan ƙofa, zai ga sauƙin da ya fi. Inda waifai ke yawan yankewa ma ba na ba da shawara. Ni kaina fanka ce a ɗakina. Akwatin yana da wayo, amma zafin da ke gabansa kaɗai ya sani. Bai san wa ke ɗakin ba, bai san abin da take yi idan an fita ba.

Ranar Litinin na sami Alhaji a masaukin, akwatuna goma sha biyu jere a kan tebur cikin kwalayensu. Wasu direbobi sun riga sun fara sauka a ɗakunan ƙasa. Ya ce in fara, yana so a gama kafin yamma. Na ajiye jaka, na kwance Habiba, na nemi benci a baranda.

Na ce, "Yau ba zan kafa ko ɗaya ba, Alhaji. Zan wuni a nan tukuna."

"Ki wuni kina me?"

"Mutanen nan na arewa, a ina suke dafa shayinsu?"

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga wani dogon direba ya fito daga ɗaki na uku da ɗan murhun waya a hannu, garwashi ja-wur, ya yi mana sallama, ya ɗebi ruwa a buta ya koma ciki ya tura ƙofa.

Alhaji ya bi ƙofar da kallo. Ya ce, "A kawo mata kujera mai kyau. Da abinci."